Ramuka Huɗu na Labo Injiniya

Duk wanda ya taɓa kwana a Tudun Gawo, can ƙasar Illela, ya san Labo Injiniya, in bai ga fuskarsa ba to ya ji muryarsa. Yadda aka yi ya zama injiniya kuwa ba dogon labari ba ne. Wata shekara ya tafi Malbaza neman aiki, aka ɗauke shi lodin buhuna a masana'antar siminti. Kwana goma sha tara ya yi, bayansa ya ƙi, ya dawo gida. To kwanakin nan goma sha tara su ne ya shekara bakwai yana ba da labarinsu, har yau bai kai ƙarshe ba. In ji shi babu injin da bai kwance ya ɗaure ba, har ma akwai wani Nasara da kan tsaya bayansa da ɗan littafi yana rubuta yadda yake yi.

Matarsa Tsahara ce kaɗai ta san ainihin sana'arsa. Kowace shekara da an gama zuba gero a rumbu sai ya hau mota ya tafi cin rani Ikko, ya yi wata bakwai yana tura kurar ruwa yana kwana a rumfar kasuwa. Bara ya dawo da wani mugun tari, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ta yi wata biyu tana jinyarsa.

Ta ce masa, "Malam, bana dai ba ka tahiya ko'ina."

Shi ma ba ya son tafiyar, Allah ya sani, tsoronta ma yake ji. Faɗi ne dai ba zai yi ba.

Ana haka sai wani proje, irin ƙungiyoyin nan na taimakon raya karkara, ya gina wa garin gidan likita, ginin siminti na farko a Tudun Gawo in ka cire rijiya. Aka ce ana neman gardi, mutum ɗaya da zai riƙa tsaron wurin yana shara yana tayar da ɗan gurup, wato injin ba da wutar lantarki, a ba shi albashi duk wata. Wanda ya samu ya huta da cin rani har abada. Mutum biyu suka fito nema, Labo da Inusa magini, wanda in ya ce maka ina kwana to ya gama maganar yini.

Sai kuma ga wata matsala. Magina sun tafi kafin a kawo allon sunan likitar, wato asibitin, daga Konni, wani allon ƙarfe shuɗi mai farin rubutu, tsawonsa ya kai ƙyauren ɗaki. Wurinsa saman ƙofa ne, inda aka zuba kankare da tsakuwa. Ga shi ranar Alhamis sufurefe na Illela, babban jami'in gwamnati da mutanen ƙauye ke kira Kumandan, zai zo buɗe gini. Maigari Takama ya tara jama'a gindin gawo ranar Litinin, aka jingina allon, ya ce rami huɗu ake so, wa zai iya?

Inusa ya je ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa ya dawo. Ya ce, "Kankare ne, ranka shi daɗe. Da kurfi da guduma, biyu yau biyu gobe. In sassaƙa icen aduwa in cusa, a buga ƙusa."

Labo ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Kwana biyu! Rami huɗu! Jama'a, ku ji mini mutum, sai ka ce rijiya za shi gina. Ranka shi daɗe, duniya ta wuce nan. Akwai injin huda bango. A Malbaza da shi nake karin kumallo. Rami huɗu minti huɗu ne, cikon na biyar in wanke hannu."

"Ina injin?" in ji Maigari.

"Shina Konni wurin ƙanen matata. Gobe war haka kun gan shi."

Maigari ya shafa gemu. "To magana ta yi sauƙi. Wanda duk ya rataya allon ga, shi ne gardi. Labo, kai za ka fara tunda naka ya fi sauri."

Inusa ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Talata da hantsi Labo ya sauka Konni. Sha'ibu ƙanen Tsahara walda yake yi, yana ƙera ƙofofi da tagogi ya je ya kafa wa masu gini. Da ya ji cewa aikin gardi ne a ciki, kuma yayarsa za ta huta da zaman kaɗaici, bai yi musu ba. Ya ɗauko ƙaramin injinsa cikin akwati ya buɗe.

"Yaya Labo, tsaya in gwada maka. Wanga bakin da ke gaba mai haƙora uku, shi ake kira mandaran, shi ke riƙe tsinken huda. Iyakar buɗewarsa kaurin ƙaramin yatsa, abin da ya fi haka..."

"Na sani."

"Wanga kuma makullinsa ne, da shi ake..."

"Sha'ibu, lokacin da nake tuƙa injin da ya fi shagon ga girma, kana yawo ba wando."

"To tsinkayen dai iri uku ne, na ice, na ƙarfe, na bango. Kowane da aikinsa. Na bango shi ne mai..."

Ƙwap! Labo ya rufe akwatin, saura kaɗan ya datse wa yaron yatsa. Daidai nan wani mai taga ya kira Sha'ibu, ya juya. Labo ya ɗaga ido ya hango wani ƙaton tsinke a kan kanta, tsawonsa kamu guda, kaurinsa ya fi babban yatsa, gindinsa da wasu tsagogi. Ransa ya biya. Ya sunkuce shi ya yi waje.

Sha'ibu ya biyo shi da ihu. "Yaya, wancan na babban inji ne! Bakinsu ba ɗaya ba ne, ba ya shiga!"

Labo ko waiwaye bai yi ba. "In bai shiga ba a shigar da shi!"

Ranar Laraba ko ranar kasuwa ba a taru kamar yadda aka taru a ƙofar likita ba. Aka mirgino duro, aka tayar da gurup, aka ja waya. Maigari ya zauna kan kujerarsa. Zuwaira mai fura, wadda harshenta ya fi furarta yaji, ta aje ƙwaryarta a gaba-gaba don ta san yau akwai ciniki. Labo ya fito da hular kwano da ya zo da ita daga Malbaza, ya naɗe hannun riga, ya buɗe akwati.

Abu na farko da ya ɗauka shi ne makullin nan, ɗan ƙarfe mai kai kamar haƙoran zarto. Ya juya shi, ya juya injin. A saninsa duk inda makulli yake to na tayarwa ne, kamar na mota. Ya duba gaba, ya duba gefe, ya ga wasu 'yan tsagogin iska a bayan injin, ya cusa makullin ya murɗa. Allah da ikonsa, a daidai lokacin yatsansa ya danne kunamar. Injin ya yi wani kuka, wiii! Mata suka watse, wani tsoho ya faɗa kan tabarma da baya, shi kansa Labo sai da hular kwanonsa ta faɗi.

Ya ɗauki hular ya kaɗe. "Kun gani? Makullin tayarwa ke nan. Wanda bai sani ba sai shi kwana yana nema."

Ya zura makullin cikin igiyar layunsa ya rataya a wuya. Daga nan duk sanda zai danna sai ya sunkuya ya taɓa bayan injin da shi tukuna.

Sai ya ɗauko ƙaton tsinken. Ya murɗa bakin injin da hannu har haƙoran uku suka buɗe iyakarsu, ya kai gindin tsinken, ko kusa. Ya tura, ya murza, ya tofa masa yawu, ya sa a ɗauko masa dutse ya shiga dukan kan tsinken.

Zuwaira ta ce, "Injiniya, taɓarya kake son sa wa cikin tandun kwalli?"

"Ke, wanga aikin maza ne. Dama furarki."

"Ni dai ludayina yana shiga ƙwaryata."

Aka yi dariya. Labo ya jefar da tsinken gefe. "Na Ingilishi ne. Injin kuwa na Faranshi ne, ba su shiri. Da ma gwada muku nake yi don ku ƙaru."

Ya koma akwati ya tsaya yana zaɓe. Ya taɓa bakin kowane tsinke da yatsa, ya zaɓi wanda ya fi tsini, mai ɗan ƙaya a tsakiya, wato na ice. Ya sa shi, ya murɗa bakin da hannu iya ƙarfinsa, ya hau duro, ya yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya danna. Injin na kuka, bakinsa na juyawa, tsinke kuwa yana tsaye cik a jikin bango kamar an ce kada ya motsa.

"Shina juyawa?" in ji Maigari.

"Shina juyawa, ranka shi daɗe, saurinsa ne ya fi ƙarfin ido."

Inusa na tsugune can gefe. A hankali ya ce, "Bai kama ba."

Labo ya yi kamar bai ji ba, amma ya sauko. A Tudun Gawo kuwa duk abin da ya yi sako-sako maganinsa ɗaya ne, robar tayar keke. Da ita ake ɗaure ƙotar gatari, da ita ake ɗaure rediyo. Aka yanko roba, ya naɗe gindin tsinken, ya cusa, ya sake hawa. Wannan karon tsinken ya juya, amma rawa yake yi yana zagaye kamar ɗan maraƙi a turke. Kafin Labo ya ce me ke nan, fiu! tsinken ya fice, ya wuce ta gefen rawanin Maigari, ya je ya soki ƙwaryar Zuwaira. Fura ta fara tsiyaya a ƙasa.

Wani daga baya ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu rami ɗaya. Saura uku."

Zuwaira ta toshe hujin da yatsa tana zuba ruwan bala'i. "Allah ya isa tsakanina da Malbaza da duk wanda ya nuna maka hanyarta! Ƙwaryar da uwata ta ba ni!"

"Ki gode Allah," in ji Labo. "Kin ga tsabtar hujin? Ko a Faransa sai haka."

Tsinke na uku na ƙarfe ne, baƙi, sumul. Wannan ya matse shi da tsumma da haƙori har ya ɗan kama. Ya jingina ƙirjinsa da injin ya tura. Ƙarar da ta tashi ta sa jakai kuka a bayan gari. Ɗan farin gari ya zubo, jama'a suka yi kabbara. Daga nan kuma shiru, tsinke ya ci karo da tsakuwa. Labo ya ƙara turawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Bakin tsinken ya yi shuɗi, ya yi ja, hayaƙi ya fara fita. Ya ciro ya ga bakin ya lanƙwashe ya zama kamar kan ashana, ramin kuwa ko ƙwayar wake ba za ta ɓuya a ciki ba. Don ya nuna ba komai, ya kama tsinken da yatsu biyu zai cire.

"Wayyo Allah na!"

Ya diro daga duro, ya yi tsalle uku, ya tsoma hannun cikin sauran furar Zuwaira. Abin da ta faɗa masa a nan ba zai maimaitu ba, ko Maigari sai da ya sunkuyar da kai.

Saura tsinke ɗaya a akwati, fari-fari, kansa da ɗan faɗi kamar an liƙa masa guntun ƙarfe, ba tsini ba kaifi. Maganar gaskiya Labo ya riga ya miƙa hannu zai ɗauka. Sai Inusa ya sake buɗe baki, karo na biyu a yini ɗaya, abin da ba a saba gani ba.

"Wanga mai faɗin kai, shi ne na bango. Na ga maginan proje da irinsa."

Shi ke nan, ya ɓata. Da a ce kowa ne ya faɗa da Labo ya gwada, amma Inusa? Ya ɗaga tsinken sama yana nuna wa jama'a.

"Wanga dakusasshen? Jama'a ku duba mini. Masu tsini ma sun sha wuya, balle wanda ko tuwo ba ya hudawa? Sha'ibu ne ya bar shi ya lalace. Wanga maƙera yake so."

Nan kuwa kowa ya gyaɗa kai, don duk manomi ya san in hauya ta dakushe wurin maƙeri ake kai ta. Aka ɗunguma gaba ɗaya zuwa rumfar Chindo maƙeri. Chindo ya sa magagari, magagari ya zame. Ya sa dutsen washi, dutsen ne ya ci rauni. Ya ɗaga tsinken ya duba da kyau.

"Labo, kan ga ba ƙarfen mutane ba ne. Tunda nake ƙira ban ga abin da ya ƙi magagarina ba. Anya ba da gangan anka yi shi haka ba?"

"Taurin tsufa ne. Sare shi, ka fidda mini baki kamar basilla."

"In sare?"

"Kai ne injiniya ko ni?"

Chindo ya sa a wuta, ya zuga, ya sare kan, ya jefa guntun a aljihu don ya ce abin mamaki ne, ya buge sauran har ya yi tsini. Aka dawo da shi ana yabawa. Labo ya hau duro, ya taɓa makulli, ya danna, ya tura da duk ƙarfin da ya rage masa. Tsinken ya lanƙwashe ya zama ƙugiya. Ladan ya kira la'asar, Maigari ya ce a kashe gurup kada man gobe ya ƙare, jama'a suka watse suna ta maimaita zancen ƙwarya.

Da magariba Tsahara ta aje masa tuwo, ta shafa masa man shanu a yatsun da suka ƙone. Sannan ta zauna gefensa.

"Malam, ka tahi wurin Inusa. Mutumin kirki ne. In kun fara da asuba ku biyu, ko rami biyu kun samu, allo ya tsaya."

"In roƙi Inusa? Ai ke nan aiki ya zama nasa."

"In ka roƙe shi wataƙila Maigari shi duba. In ba ka roƙe shi ba aiki nasa ne, kai kuma na motar cin rani ne. Ni ba na son in sake jin tarin nan."

Labo ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Saura ƙiris ya tashi. Sai ya tuna da dariyar da ya yi gindin gawo, ya gyara zama.

"Ke dai ki wanke zanenki na salla. Gobe matar gardi za a kira ki. Akwai wata dabara da Nasaran nan ya koya daga wurina."

Dabarar ita ce kwalta. Magina sun bar rabin garwa da suka liƙe rufi da ita. Ana sallame asuba Labo ya narka ta, ya shafe bayan allo, ya ɗora gefensa na ƙasa a kan ɗan leɓen ƙofa, ya danna ya riƙe har ta sandare. Ya gutsure kawunan ƙusa huɗu ya liƙa a kusurwoyi don ido. Da sanyin safiya abin ya kama ƙam. Ya lulluɓe da farin ƙyalle mai igiya, wanda Kumandan zai ja, ya sauko yana taƙama.

Maigari ya zo ya ɗaga ƙyallen ya leƙa. "Ikon Allah! Yaushe?"

"Minti huɗu, ranka shi daɗe. Jiya injin ne bai saba da iskar garin ba."

Inusa ya dubi allon, ya dubi ƙasa inda babu ko ƙurar siminti, ya shaƙi iska, ya koma ya tsuguna.

An ce Kumandan zai iso ƙarfe tara. Tara ta yi, goma ta wuce. Ƙofar likita kuwa gabas take kallo, rana ta daki allon ƙarfe tun fitowarta. Makaɗa suka gaji suka zauna, 'yan lakwal da aka jera daga makaranta suka fara zamewa. Labo na tsaye yana zufa, idonsa a sama. Wajen sha ɗaya ya ga wani baƙin zare ya silalo daga ƙarƙashin ƙyalle. Can ga na biyu.

Zuwaira, da sabuwar ƙwarya a gabanta, ta ce, "Injiniya, allonka na kuka."

"Mai ne. Kowane inji da mai yake aiki."

"Allon ma inji ne?"

Sai ga ƙarar mota. Makaɗa suka zabura, mata suka rangaɗa guɗa. Kumandan ya fito da fararen kaya da farin takalmi, mai hoto da aka ɗauko daga Konni na biye. Aka gaisa, aka kai shi bakin ƙofa, Maigari ya miƙa masa igiya. Labo ya rufe ido yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Kumandan ya ja. Ƙyalle ya taho, allo ya biyo shi. Ƙwaram! Ya daki dakali, ya yi tsalle, ya kife a gaban manyan baƙi, bayansa a sama yana naso. Guɗa ta yanke a tsakiya. Kumandan ya ja da baya, takalminsa ɗaya ya ƙi biyo shi, ya manne a kwalta. Ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin safa, jandarma na riƙe da gwiwar hannunsa.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Duk garin ya juya wuri ɗaya.

Direban Kumandan, wani dattijo mai furfura da ya taɓa aikin gini, ya hango akwatin ya ɗauko injin. "Ai ga kayan aiki mai kyau. Ina makullin mandaran?"

Labo ya ciro shi daga wuya, ya nuna yadda ake taɓa bayan injin da shi. Direba ya dube shi, ya dubi makullin, ya nemi dakali ya zauna don dariya ta hana shi tsayuwa. Da ya samu numfashi ya sa makullin a ɗan ramin da ke gefen bakin injin, haƙora suka shiga haƙora, ya murɗa, bakin ya tsuke gam.

"Da wannan ake matse tsinke, a ramuka ukun nan duka. To ina tsinken bango?"

Chindo ya matso da ladabi. Ya ciro guntun kan daga aljihu, ya ɗauko ƙugiyar daga akwati. "Ga kan, ga gangar jikin. Injiniya ya ce a raba su."

Direba ya riƙe baki. "La ilaha illallahu! Ai wannan ɗan kan shi ne tsinken gaba ɗaya. Ba yanka yake ba, farfasa dutse yake yi, shi ya sa ba shi da kaifi. Ka sa shi, ka matse, ka juya wannan maɓalli wajen hoton guduma, kafin shayi ya tafasa ka gama rami huɗu."

Labo ya juya ga jama'a da sauri. "To kun ji! Minti huɗu! Mi na ce muku tun ranar Litinin?"

Dariyar da aka yi har Kumandan sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Amma da ya juyo fuskarsa a ɗaure take. Ya ce ba zai koma Illela ba tare da hoton allo a saman ƙofa ba, kuma ba zai jira guduma ba.

"Kai ne injiniya, ko? Hau duro ka riƙe shi."

Aka goge kwaltar da yashi, aka mirgino duro bakin ƙofa, Labo ya hau ya juya wa bango baya, aka miƙa masa allo ya ɗaga sama da kansa har ya rufe masa fuska. Manyan baƙi suka jeru a gabansa suka kare gangar jikinsa. Mai hoto ya ɗauka. Labo ya yi shirin saukewa, jandarma ya ce a'a, sai an gama jawabi.

Kumandan ya yi nasa da Faransanci, aka fassara da Hausa. Mutumin proje ya yi nasa, shi ma aka fassara. Shugabar mata ta yi. Ƙarfe ya yi zafi, hannuwan Labo suka fara kyarma, allo na karkata, duk sanda ya karkata sai Zuwaira ta ce, "Gyara, ƙusa!" Sannan Maigari Takama ya tashi, ya gode wa kowa, ya ce gardin likita shi ne Inusa, shi fara aiki yau da rataya allo.

Labo ya ji da kunnensa, ba damar ko ya sauke hannu. Ta ƙarƙashin allon, tsakanin kafaɗun baƙi, ya hango Tsahara cikin mata da zanenta na salla. Duk wurin ita kaɗai ce ba ta dariya, shi kuwa da ma dariyar ta yi da ya fi masa sauƙi.

Kwana biyu Inusa ya yi yana ƙwas-ƙwas da kurfinsa, biyu ranar farko, biyu washegari, allo ya zauna daram. Kwana biyun nan Labo ko loma ba ya iya kaiwa baki don ciwon hannu, Tsahara ke ba shi. Ita ce kuma ta kai wa Sha'ibu injinsa, ta tsaya ta sha faɗan tsinkaye.

Bayan mako biyu ta raka shi bakin hanya da ƙunshin garin gero da ƙuli-ƙuli. Suka tsaya jiran mota. Da motar ta tsaya ya karɓi ƙunshin yana kallon ƙasa.

"Tsahara, da na tahi wurin Inusa."

"Ya wuce, Malam. Ka riƙa rufe ƙirjinka, kada ka kwana ƙasa."

Ya hau bayan mota ya matsa cikin 'yan cin rani. Mota ba ta gama sa giya ba ta jiyo muryarsa ta tashi sama da ƙarar inji.

"Kun ga likitar can mai shuɗin allo? Ranar buɗe ta da hannuna biyu na riƙe ta. Kumandan da kansa ya ce in ba ni ba babu mai iyawa..."

Tsahara ta yi dariya, ta sa gefen zane ta goge ido, ta juya gida.

Hoton nan an sa shi a gilas an rataya a ɗakin awo. Cikin watanni bakwai ɗin nan, duk ranar da kewa ta ishe ta, takan shiga ta ce wa Inusa kanta ke ciwo, ta zauna kan benci tana kallonsa. Ga Kumandan, ga Maigari, ga shuɗin allo a saman ƙofa, na mijinta kuwa ba a ganin komai sai yatsu takwas a gefen allon.